Yatsun Inna a Gefen Takarda

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ranar aurena, da mai hoto ya shigo tsakar gida yana jera mutane, ɗakin girki ta shige ta jawo ƙyaure. Sai da ta ji tashin babur ɗinsa sannan ta fito tana tambaya ko an ba shi abinci. Haka mahaifinmu ya bar ta. Shi malamin zaure ne a ƙauyenmu can ƙasar Kano, kuma a wurinsa hoto ba abin da mutumin kirki zai tsaya a yi masa ba ne. Ya rasu ina ƙarama, bai bar ko inuwarsa a takarda ba. Yau in aka ce in kwatanta fuskarsa, wallahi ba zan iya ba. Ina tuna rawaninsa, ina tuna gyaran muryar da yake yi kafin ya shigo gida, ina tuna dugadugansa a kan buzu. Fuskar ce babu. A hankali ta tafi, ban ma san ranar da ta ƙarasa tafiya ba.

Saboda haka lokacin da aka kawo Inna gidana a Kurudu, nan Abuja, tana jinya, tsoro iri biyu nake kwana da shi. Na farko kowa a gidanmu yana da shi. Na biyun nawa ne ni kaɗai, kuma ina jin nauyin faɗarsa a gaban mutane: kada ita ma ta tafi da fuskarta, a bar ni da mayafi da carbi.

Mu biyu ta haifa da muka rayu, ni da Yaya. Shi ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce “wancan”. Ni kuwa Auta take kirana, har na haifi nawa 'ya'yan. Yaya babban ma'aikaci ne a wata hukumar gwamnati, ni ƙaramar ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar. Shi ya kai ta wani asibitin kuɗi a Maitama, inda aka yi ta gwaje-gwaje, daga baya likita ya kira mu biyu ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya bazu. Ya ce mu kula da ita, mu ba ta abin da ranta yake so. Ni a take na gane abin da yake nufi. Yaya kuwa bai karɓa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana ganin babu fayil ɗin da ba ya motsi in an san wanda za a taɓa, ba zai yarda wani likita ya ce masa an rufe magana ba. Tun muna cikin mota ya fara buga waya.

Bai jima ba ya samo wani ejan mai haɗa marasa lafiya da asibitoci a Masar. Ejan ya ce kafin komai sai likitan can ya ga takardunta duka, tun daga farkon ciwon: katin ɗakin shan magani na ƙauye, na asibitin Kano, da na nan Abuja.

“Auta, ki yi sikanin ɗinsu ki haɗa a fayil ɗaya ki turo min,” in ji Yaya. “Kar ki bar ko ɗaya.”

Zan faɗi gaskiya, ban sa rai da maganin Masar ba. Amma ina ajiye wayar wani tunani ya faɗo min. In sun ce a kawo ta, sai an yi mata fasfo. Fasfo kuma ba ya yiwuwa sai ta zauna a kujera ta kalli kyamara. Wannan larura ce, ko malaman da suka fi mahaifinmu Malam tsauri sun yarda da ita don aikin Hajji. Yaya yana hangen jirgi da likita, ni kujerar nan kawai nake hange.

Akwai masu cewa, to me ya hana ki ɗauke ta tana barci? Maigidana ma ya faɗa, cikin tausayi. Ba su san Inna ba ne. Tun shekarun da waya mai kyamara ta cika gari, yara suna ɗaga ta a fuskar kowa, ta tara mu ta ce duk wanda ya ɗauke ta ba da saninta ba, ba ta yafe ba. Ba da faɗa ta faɗa ba, tana tsince shinkafa ne ma. Wanda ya san nauyin wannan kalma a bakin uwa ba zai tambaye ni dalili ba.

Injin sikanin na ofishinmu ya mutu tun zamanin tsohon darakta, an lulluɓe shi da tawul an ɗora fayiloli a kai. Ko da yana aiki ma, Inna ba za ta bari takardunta su fita daga gidan ba. An taɓa ɓatar mata da kati a asibiti aka sa ta sake gwajin jini, tun daga nan take ajiye su a leda, a cikin wata ledar, a ƙarƙashin matashinta. Wata abokiyar aikina, Bayarabiya mai Hausar Abuja, ita ta cece ni.

“Hajiya, wannan waya naka zai yi aikin,” ta ce, ta karɓa ta sauke min wata manhaja. Ta nuna min: ki ɗaga waya saman takarda, wani layi zai zagaye gefunanta huɗu, ya ɗauka da kansa, ya miƙar da ita, ya wanke ta fes kamar yanzu ta fito daga inji.

A ofis abin ya yi sauƙi, don takardar ofis a miƙe take. Takardun Inna kuwa sun sha ninki. Wasu an ninke su sau huɗu, wasu an naɗe su kamar tabarma, duk suna ƙamshin kanumfari da man zafi. Da na shimfiɗa sai su naɗe kansu. Na sa cokali, na sa makulli, na sa kofi, layin ya riƙa kama cokalin yana barin takardar. Ga inuwar wayar tana faɗawa daidai kan rubutun. Na yi tsaki har Inna ta ɗago.

“Ke dai ba ki da haƙuri. Kawo in danne miki.”

Haka muka fara. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da haske ya cika baranda amma rana ba ta kai ga tabarma ba, sai in fito da ita in jingina mata filo. Ta zaro takarda daga leda, ta shafa ta da tafin hannu, ta danne kusurwoyin sama da yatsunta. Ni kuma in durƙusa a gabanta in ɗaga waya. Kafin in ɗaga ta farko sai da ta kafa min sharaɗi.

“Idon abin nan ƙasa zai kalla. In na ga ya ɗago, mun tashi.”

“Inna, takarda kawai yake gani.”

“To ya ci gaba da ganinta.”

Ba ta karanta boko ba, amma kowace takarda tana da labarinta a wurinta. Wannan ta likitan nan ce mai ƙuruciya wanda bai iya gaisuwa ba. Wannan ranar da aka ba mu ita ruwan sama ya tsare mu a tasha, muka ci dafaffen rogo da ƙuli. Wani lokaci ta haɗa labarin wata da wata, in ce mata a'a Inna, wannan ta Abuja ce, ta ce to ai duk ciwon ɗaya ne. Mun ɓoye mata sunan ciwon, kamar yadda ake yi, muna ce mata hanta ce ta ɗan kumbura. Ita ma ta bar mu a haka. Sai dai na lura duk takardar da ta zo daga asibitin Maitama ba ta ba da labarinta, danne ta kawai take yi ta kau da kai.

Aikin ba ya sauri. Ta gaji da wuri, hannunta ya fara rawa, layin da ke zagaye takardar shi ma ya kama rawa ya ƙi tsayawa. Wani sa'in iska ta taso daga gonakin bayan unguwa ta ɗage takardar. Wani sa'in waya ta mutu, ga shi an ɗauke wuta tun jiya. Akwai 'yan ƙananan takardu masu santsi da rubutunsu ya kusa gogewa, sai na yi ta juya su ina neman inda haske zai fito da shi. Mukan yi kaɗan mu tashi, in mayar da ita ɗaki.

Da muka gama rukunin farko na tura wa Yaya, ya tura wa ejan. Ranar Litinin ina ofis ya kira ni, muryarsa a sama.

“Auta, wane irin aiki ne wannan? Mutumin ya dawo da su. Ya ce yatsu ne ko'ina, ga tabarma, ga inuwa. Asibitin ƙasar waje za a kai, ba gurup ɗin 'yan gida na waya ba.”

“Yaya, in kana da wanda ya fi ni iyawa, ga takardun nan a ƙarƙashin matashinta. Zo ka karɓa in ka isa.”

Duk mun san ba da juna muke faɗa ba.

Na buɗe fayil ɗin na duba, gaskiyarsa ne. A saman kowace takarda ga yatsun Inna, huɗu nan huɗu can, da lallen da ya fara kodewa, da zoben azurfarta wanda ya yi mata yawa har ta naɗa masa zare. Abokiyar aikina ta sake nuna min abin yi. Akwai ɗigo huɗu a kusurwoyin hoton, in ka ja su da yatsa zuwa ciki sai duk abin da ke waje ya fita. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina jan ɗigo ina sauke layi ƙasa da farcenta. Inda yatsa ya hau kan rubutu, sai mun sake ɗauka. Na koya mata ta riƙa kama bakin takarda kawai.

Wata Asabar ta ce in nuna mata abin da nake ta ɗauka. Na miƙa mata wayar, ta riƙe ta nesa da fuska kamar mai duba ƙwai a rana. Fari tas, baƙin rubutu, ba ninki, ba tabon mai.

“Ina hannun nawa?”

“Na yanke shi, Inna. Ba sa so.”

“Kin kyauta,” ta ce, ta miƙo min abina.

Muka tura duka, muka zauna jira. Ban san wani abu mai cin rai kamar jiran amsa daga inda ba ka da wanda za ka je ka tsaya masa a ka ba. Kullum da safe ina cikin gosulon Karu, mota ba ta gaba ba ta baya, ina duba waya ko Yaya ya turo wani abu. Da yamma in dawo in tarar Inna ta ƙara raguwa. Idanunta suka yi ruwan ɗorawa. Kumatunta suka faɗa. Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana kindirmo daga rugarsu ta bayan gari, Inna tana son hira da ita, su yi ta zancen shanu da tsadar dusa. Da farko takan sha rabin kofi don matar ta ji daɗi. Daga baya sai dai ta taɓa a leɓe ta ce ya yi daɗi.

Ni kuwa na koma kallonta. In tana lazimi ina kallo, in tana gyangyaɗi ina kallo. Ina bin goshinta, da ɗan tabon da ke gefen girarta ta hagu, da yadda hancinta ya ɗan karkata, ina ƙoƙarin haddace su kamar karatu. Abin haushin shi ne fuskar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Wadda na haddace wannan makon, mako mai zuwa ciwo ya canja ta.

“Kallon me kike mini haka? Na ci miki bashi ne?”

“Ba komai, Inna.”

“To je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri.”

Wata rana da na ga ta ɗan samu sauƙi, na yi ta maza na kawo maganar. Na ce mata in mutanen Masar sun ce mu zo, sai an yi fasfo, kuma fasfo sai da hoto. Ta ci gaba da jan carbinta, har na ɗauka ba ta ji ba.

“In sun ce mu zo,” ta ce. “Wannan larura ce, Allah ya gani. Amma su riƙe abinsu a littafinsu. Kar in ji an rataye ni a bango.”

Na ce to. Na tashi na shiga kicin na rufe ƙofa, na rasa ko dariya zan yi ko kuka. A raina na riga na gama lissafi: fasfo takarda ce, takarda kuwa ai ni na iya ɗaukar hotonta da waya. Washegari da na taso daga aiki na tsaya a kasuwar Karu na sayo mata sabon hijabi ruwan toka, na ɓoye a durowa don ranar.

Amsar ta zo ranar aiki, da la'asar. Na dawo na ga motar Yaya a ƙofar gida, shi kuma yana zaune a ciki, injin a kashe, gilas a rufe. Yaya ba ya zuwa Kurudu a ranar aiki. Na ƙwanƙwasa gilashin, ya buɗe min na shiga. Wayarsa ya miƙo min. Likitan Masar ya rubuta cewa ya duba takardun duka, kuma ya gode da yadda aka tsara su. Ya ce abin da likitocin Abuja suka faɗa daidai ne. Tafiyar wahala kawai za ta ƙara mata.

Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba sai ranar. Ya kifa kai a sitiyari da babbar rigarsa ta ofis, kafaɗunsa suna rawa. Na dafa shi ina ba shi haƙuri, alhali ni ma abin da nake riƙe da shi ya suɓuce. Shi ya rasa magani, ni na rasa kujerar.

Da ya wanke fuska muka shiga, ya durƙusa gabanta ya ce likitocin sun ce a ɗan jira ta ƙara ƙarfi tukuna. Ta ce to, Allah ya kai mu. Ta tambaye shi yara, ta sa na zuba masa abinci, bai ci ba. Da ya tafi ta kira ni.

“Ki gaya wa wancan ya daina wahalar da kansa. Ku mayar da ni gida, ina so in ga ɗakina.”

A nan ne na kasa daurewa. Na ce Inna, mu yi fasfon dai mu ajiye, ko da za su kira daga baya. Ta kalle ni irin kallon da take mini ina yarinya in na yi ƙarya. Sai na bar kewaye-kewaye. Na ce mata hoto ɗaya nake roƙo, ni kaɗai zan riƙe, ba bango, ba gurup, ba kowa. Na ce mata na manta fuskar Malam. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, kuma da na faɗa sai kuka ya ƙwace min.

Ta bari sai da na yi shiru. Inna ba ta zancen mahaifinmu, kunya ba ta barinta, ko bayan shekaru masu yawa.

“Fuskarsa ai ke kika ɗauko ta,” ta ce. “Har goshin.”

“To taki fa, Inna? Wa ya ɗauko taki?”

“Auta, na kai wannan shekarun ban yi ba. Kar ki sa in yi a bakin ƙofa. Ki yi min addu'a, ita ba ta neman fuska.”

Ban ji sanyi ba. Haushi na ji, haushi sosai, na uwar da ke kwance tana mutuwa. Na ga kamar ta zaɓi ra'ayin mutumin da ya daɗe a kabari a kaina ni da nake durƙushe gabanta. Na tashi na fita baranda na tsaya har aka kira magariba. Da na dawo na tarar tana ƙoƙarin jawo buta da kanta, na karɓa na zuba mata ruwan alwala. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Muka kai ta gida. Ta ga ɗakinta, ta ga 'yan'uwanta, ta sa aka raba 'yan kayanta tana kallo. Ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, da safe, bayan ta sha ruwa. Ina cikin matan da suka yi mata wanka. Ni na riƙe kanta. Na kalle ta iya kallo kafin a rufe, ina ce wa kaina ki riƙe, ki riƙe. Sannan aka ja likkafani.

Bayan an share makoki na koma Abuja, na koma aiki, na koma gosulo. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa a ofis, wasu su ce in nuna musu hoton marigayiya, in ce babu, su yi zaton ban so ne.

Wata rana da azahar, oga yana mitin, ofis ba kowa, wayata ta ce wuri ya cika. Na fara goge tarkace. Na zo kan manhajar nan, na ga fayil ɗin takardun Inna. Ba su da sauran amfani, asalinsu ma suna cikin ledarsu a gida. Na buɗe ta farko don in yi mata kallon ƙarshe, sai yatsana ya taɓa wurin gyara. Ɗigo huɗun nan suka fito. A wajen layin kuma, dishi-dishi kamar ta bayan labule, ga yatsunta.

Ashe abin ba yankewa yake yi ba, rufewa yake yi. Hoton farko yana nan ɗungurungum a ƙasa.

Na kama ɗigon sama na ja shi waje. Yatsun suka fito sarai, da lallen, da zoben mai zare. Na ƙara ja. Ga wuyan hannunta, ga tabarmar barandata, ga gefen zaninta mai ruwan ganye wanda yanzu yake hannun ƙanwarta. Na ja har ɗigon ya ƙi tafiya. Na buɗe ta biyu, na ja. Ta uku. A wata na sami gwiwarta. A wata carbinta a cinya. A wata kofin kindirmon da ba ta sha ba. Ina buɗewa ina ja, kowace takarda tana ba ni ɗan abin da ta samu. Ta ce idon abin ya kalli ƙasa, kuma ƙasa ya kalla. Duk iyakarsu ƙirji, inda mayafi ya sauko.

Sai wata 'yar ƙaramar takarda mai santsi, cikin waɗanda rubutunsu ya kusa gogewa. Ina jin ranar iska ce ta so ɗauke ta, Inna ta sunkuyo da sauri ta danne, abin kuma ya ɗauka da kansa. Na ja ɗigon. Ga mayafi. Ga wuyanta, da jijiyoyin da rama ta fito da su. Ga haɓarta. Ga leɓenta na ƙasa, a ɗan buɗe, tana tsakiyar magana, kuma daga yadda ya karkata na san faɗa take mini. Na ƙara ja, ɗigon ya tsaya. Na danna shi da ƙarfi, na ja har farcena ya yi ƙara a gilashin. Hoton ya ƙare a nan.

Ban san iya zaman da na yi ba. Ba ni na ɗauka da niyya ba, ita ma ba ta sani ba, kuma babu wanda zan tambaya ko wannan yana cikin abin da ta hana. Wadda za ta ba ni amsa tana ƙarƙashin ƙasa a ƙauyenmu. Daga ƙarshe na kama ɗigon na dawo da shi bakin takarda, na yi haka a kowace ɗaya, har suka koma fari da baƙi kamar yadda ta gan su ta yaba. Ban goge fayil ɗin ba. Ban gaya wa Yaya ba. Hotunan walimar ofis na goge don wayar ta samu wuri.

Ban sake jan ɗigon nan ba, ko sau ɗaya, amma kallon da na yi ya riga ya yi aikinsa. Kafin ranar, in na rufe ido na kira Inna, takan zo gaba ɗayanta, ko da ba ta fito sosai ba. Yanzu in na kira ta, mayafin ne yake fara zuwa, sai wuya, sai haɓa, sai leɓen nan a ɗan buɗe, tar kamar na taɓa. Ina jira sauran ya biyo, ina kiran tabon gira, ina kiran idanu. Daga leɓen zuwa sama babu komai.